Minjibir: Inda Dawa Da Wake Ke Zaman Gona Ɗaya

Matafiyin da ya bar birnin Kano a watan Satumba ya nufi Minjibir, arewa maso gabas, da wuya ya ga gonar da ke ɗauke da amfani iri ɗaya. Gero ya sunkuya da zangarniya, dawa ta yi sama ta rufe mutum, a ƙarƙashinsu kuwa wake ne ke yaɗo bisa jigawa. Ƙasar yashi ce, damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, shi ya sa manoman wurin ba su zuba arzikinsu a ƙwarya ɗaya. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara koya musu haka.

Amma zaman lafiyar dawa da wake ya danganta ne ga halin irin da aka shuka. Kaura da Farafara dogayen dawa ne masu inuwa. Kanannado, waken gargajiya, mai haƙuri ne: yana rarrafe cikin inuwar, ba ya fure sai yini ya fara gajarta, lokacin an girbe gero, haske ya shigo. Harawarsa tana da yawa, ita ke riƙe tumaki da awaki da rani. Sai dai in ruwa ya ɗauke da wuri, ƙwayarsa ba ta taka kara ta karya ba.

A gonar gwaji ta IITA da ke nan Minjibir, a shekarun baya Dokta B. B. Singh da abokan aikinsa sun daɗe suna gwada wake mai tsayawa tsaye, mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Wannan yana tsere wa fari, amma inuwa tana kassara shi. Don haka sai aka sake tsarin shuka, watau layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, domin rana ta isa gare shi. Ga kuma SAMPEA 10 da aka fitar a 2008, wanda ke jure wa ƙuduji.

To, zaɓi yana hannun manomi. Mai son ƙwaya da wuri sai ya tanadi kuɗin feshi, ya buɗe wa wake fili. Mai dabbobi a turke kuwa da ƙyar ya rabu da Kanannado. Wanda ya sa sabon iri ƙarƙashin doguwar Kaura bisa tsohon tsari, shi ne ke tashi ba tsuntsu ba tarko.

Allah ya ba da damina mai albarka.