Oktoba a Pennsylvania

Matafiyin da ya ratsa jihar Pennsylvania daga Philadelphia zuwa Pittsburgh a Oktoban shekarar zaɓe zai tarar ganyaye sun rine ja da ruwan ɗorawa, amma allunan 'yan takara sun fi su ɗaukar ido, a ƙofar gidaje da bakin gonakin masara. Ƙuri'u 19 na wakilan zaɓen shugaban Amurka ne suka jawo wa jihar wannan zawarci.

A masauki kuwa talabijin ba ta barin baƙo ya sarara. Talla na bin talla, da yawansu ba na ɗan takara ba ne, na wasu ƙungiyoyi ne masu daɗin suna. Tun hukuncin Citizens United na 2010, inda alƙalan Kotun Ƙoli 5 suka rinjayi 4, kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ke iya kashe ko nawa ne, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Kotun ta kira shi 'yancin faɗin albarkacin baki. To amma manomin Lancaster bakinsa ɗaya ne, attajiri kuwa ya sayi dubu. Wasu ƙungiyoyin ma doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗin.