Sa'a Ɗaya da Rabi da Mabiya Hindu Ke Gudu

'Yan uwa marubuta, mun tashi da finafinan Indiya, wasunmu har sun ɗauko labarinsu sun sa masa hijabi, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar dalilin da ya sa uwar ango ke kiran malamin addininsu kafin a sa ranar biki. Abin da yake dubawa kalanda ce mai suna Panchang, wato mai gaɓoɓi biyar.

Gaɓoɓin su ne ranar mako, da tithi, da nakshatra, da yoga, da karana. Tithi ita ce ranar wata, guda 30 ne, kuma ba ta bin agogo. Duk lokacin da tazarar wata da rana ta ƙaru da digiri 12 sai sabuwa ta shiga, ko da tsakar rana ne. Nakshatra kuwa masaukan wata ne guda 27. Ɗaya daga cikinsu, Krittika, shi ne tarin taurarin da manomanmu ke kira Kaza da 'Ya'yanta.

Wanda ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne Rahu Kalam. Ana raba tsakanin fitowar rana da faɗuwarta gida takwas, kowace rana gida ɗaya na Rahu ne, kusan minti 90. Idan rana ta fito da ƙarfe 6, na Litinin 7:30 zuwa 9 ne, na Juma'a 10:30 zuwa 12, na Lahadi 4:30 zuwa 6 na yamma. A cikinsa mai kiyayewa ba ya ɗaura aure, ba ya buɗe sabon shago, ba ya kama hanyar tafiya, sai dai ya ci gaba da aikin da ya riga ya fara. Rahu a labarinsu kan wani dodo ne da aka datse, shi ke haɗiye rana ko wata a yi husufi. Kada mu yi saurin dariya, mu ma yaranmu na kaɗa gwangwani idan rana ta kama wata.

Lokaci mai kyau kuma muhurat sunansa. Da shi ake ɗaukar hoton farko na fim, kuma kasuwar hannun jari ta Mumbai kan buɗe na sa'a ɗaya ranar bikin Diwali don cinikin neman albarka.

A wajenmu wannan camfi ne, malamanmu sun hana, kamar yadda suke hana tsoron Larabgana. Amma marubucin da ya ari bikin Indiya bai san wannan ba, ya ari riga ya bar mai ita. A can agogo kansa yana cikin rikicin labari: idan ango ya makara muhurat ya wuce, dangin amarya za su iya cewa sai an sake lissafi. Idan muka kai labarin Kano, dole mu nemo abin da zai tsaya a gurbinsa, kamar waliyyin da bai iso ba har liman ya sallame Juma'a.