Da jakar goyo zuwa tsibiran Ada: amsa ga masu cewa yawon banza muka je



Tun da na ɗora hotunan tafiyarmu Ghana saƙonni suke ta shigo mini, kuma kala biyu ne. Wasu na tambayar yadda aka bi da yadda muka haɗa kuɗin. Wasu kuma, har da waɗanda muke tsayawa sahu ɗaya da su a masallacin makaranta, cewa suke wannan ai ɗabi'ar Turawa ce, ɗan Arewa da jakar goyo yana kwana a bukkar bakin teku, yawon banza kawai. Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai, bari in yi bayanin a nan gaba ɗaya. Rubutun da ɗan tsawo fa, wanda ke sauri ya ajiye shi sai bayan lakca.

Mu fara da abin da duk muka sani. Yawancinmu a Legas rayuwarmu ba ta wuce aji, hostel, masallaci ko coci, sai Idi-Araba ko Agege ranar da kewar tuwo da miyar kuka ta motsa. Ana ajiye biron jarabawar ƙarshe mutum ya kama motar gida. Akwai wanda zai yi shekara huɗu a garin nan, ya karɓi digirinsa ya tafi, bai taɓa tsoma ƙafarsa a teku ba. Muna tsokanar na gida da kifin rijiya, alhali mu rijiyar muka ɗauko muka taho da ita Kudu.

Mu biyar muka yi tafiyar: ni, da Bazazzagin da muke ɗaki ɗaya, da wani Bafulatanin Adamawa, da Babarbaren Maiduguri (kun dai san abin da haɗa waɗannan biyun a mota ɗaya yake nufi), sai abokinmu ɗan Pankshin wanda ya fi mu duka iya ciniki. Babu ɗan mai kuɗi a cikinmu. Adashi muka yi, dubu biyar duk Juma'a har wata bakwai. Ni kilishi nake sarowa daga gida ina sayarwa a hostel, wani yana koyar da yara lissafi da yamma, wani data yake sayarwa. Biza kuwa ba a buƙata, domin tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga ɗaya ya yi har kwana 90 ba biza. Fasfo kawai za ka riƙe, sai katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin zazzaɓin shawara.

Saura mako uku mu tashi, mahaifiyar Babarbare ta kwanta asibiti. Ya zare kuɗinsa kaf ya tura gida, ya ce mu je kawai, Allah ya kiyaye hanya. Nan fa aka yi zaman da ba daɗi. Wani ya ce ƙaddara ce, kowa da rabonsa. Wani ya yi shiru, kuma shirun nan ma magana ce. Ɗan Pankshin ne ya ɗauko biro ya yi lissafi a bayan takardar lakca, ya nuna mana in muka soke zuwa Akara da Cape Coast muka tsaya a wuri ɗaya, kuɗin mutum huɗu zai ɗauki mutum biyar. Matsalar da ta rage ita ce yadda za a faɗa wa mutumin ba tare da ya ji an yi masa sadaka ba. Bafulatani ya ce a bar masa. Ya same shi a ɗaki ya ce, "Kai, tashi ka haɗa kaya. Ina Bafulatani ya taɓa tafiya ya bar bawansa a baya? Wa zai ɗaukar mini jaka?" Babarbare ya ce, "Ni zan bi ka ne don kar ka ga shanun mutane ka ɓace." Aka yi dariya, maganar ta mutu a nan. Daga ranar asusu ya zama ɗaya, kuma Babarbaren muka ba riƙon kuɗin.

Sai neman izini. Na kira Baba gabana yana faɗuwa. Ya ce, "Me ka ajiye a Ghana?" Na ce, "Babu komai Baba, gani kawai za mu je yi." Ya yi shiru har na zaci layin ya katse. Can ya ce kakansa a ƙafa ya je Gwanja, da jakuna, kuma sai ya yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya ba ni sharaɗi uku: kar in bar sallah, kar ruwa ya wuce mini gwiwa, kuma duk garin da muka sauka in nemi zango in gaida manya.

Wannan maganar ta Baba ita ce amsata ga masu cewa ɗabi'ar Turawa ce. Fatake sun daɗe suna tashi daga Kano da Katsina da sauran garuruwanmu, ayari guda ƙarƙashin madugu, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su sayo goro. Inda ayari ya yada kaya ya kwana shi ne zango, sunan da unguwannin Hausawa suke amsawa har yau a Ghana da Togo da Benin. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawansu suka watsu zuwa Kete-Krachi da garuruwan bakin teku. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, kafin ya zama attajirin gyaɗa sai da ya yi fataucin goro daga can, yana ɗoro shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Bafatake in ya isa gari, wurin mai masauki yake sauka, ya ba shi makwanci cikin sauran baƙi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mutanen gari. Don Allah ku gaya mini, mene ne hostel ɗin 'yan yawon buɗe ido in ba wannan ba?

Daga Mile 2 muka hau mota da asuba zuwa bodar Seme. Muka yada zango a Kwatano, a unguwar da sunanta ma Zongo, inda muka cika sharaɗin Baba. Wani dattijo mai sayar da carbi a ƙofar masallaci ya ji Hausarmu ya ce, "Samari, daga wane gari?" Kafin mu gama amsawa ya aika yaro ya kawo mana fura, ya kuma haɗa mu da mai canjin da ba zai cuce mu ba. Washegari muka ratsa Togo, muka bi ta Lome muka shiga Ghana ta Aflao. A kan hanya akwai masu miƙa hannu, wannan ba sai an faɗa ba, amma in takardunka sun cika kuma kana da haƙurin tsayuwa, abin yana zuwa da sauƙi. Ku tuna kuma da an shiga Togo agogo yana komawa baya da awa ɗaya. Faransancinmu bai wuce gaisuwa ba, Turancin ma wani wurin ba ya aiki, Hausa ce ta yi ta fitar da mu a tasha da wurin mai shayi. A Ghana ma sunan nan da ake kiranmu da shi a Legas ya riga mu isa, sai dai su "abochi" suke cewa. Shinkafa da wakensu kuwa sunanta waakye, akwai Hausa koko da ƙosai da safe, akwai tuo zaafi. Kai da jin sunayen ka san kakanninmu sun bi ta nan.

Daga Aflao mota ta tsallaka da mu gadar Sogakope, muka sauka a mararrabar Kasseh, muka hau wata zuwa Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku. A bakin nan kogin ya baje ya yi faɗi, da tsibirai birjik a cikinsa, ko'ina bishiyar kwakwa. Kwalekwale mai inji ne ya kai mu masauki, kan wani siririn yashi, kogi a hannu ɗaya a kwance lumui, teku a ɗaya hannun yana ta ruri. Bazazzagi ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi duk wanda ya ce Allah ɗaya ne bai yi ƙarya ba."

Ga wanda bai san tsarin ba, a irin wannan hostel kuɗin gado kake biya, ɗakin na kowa ne. Bukkoki ne na ganyen kwakwa, ƙasansu yashi, kowane gado da gidan sauro. Wanka da bokiti, wutar cajin waya ta 'yan awoyi ce da dare. Mun tarar da Turawa 'yan Jamus da Holan, da ɗaliban Ghana da suka zo hutun ƙarshen mako. Abinci gasasshiyar karfasa ce da banku ko dokunu, barkonon kuwa har Babarbare sai da ya yi hawaye, Bafulatani ya samu abin faɗa na kwana biyu.

Yanzu ga inda masu sukar suke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai mashaya a wurin. Da dare ana hura wuta a bakin ruwa, ana kiɗa, ana shan giya, ga shigar da idonmu bai saba da ita ba. Babban ɗakin kwanan ma maza da mata a haɗe yake. Daren farko Bazazzagi ya ce shi gobe zai koma, wannan ba wurin zamansa ba ne. Muka zauna mu biyar a gefen kogi muka yi magana ta gaskiya. Muka je wurin mai kula da masaukin muka ce bukka ɗaya muke so ta mu kaɗai, can nesa da mashaya. Ko gardama bai yi ba, har tabarma ya ƙara mana. Muka yi wa kanmu doka: ba mai fita shi kaɗai da dare, ba mai shiga teku, wanka a gefen kogi kawai inda ba zurfi. In mun tayar da sallah ɗan Pankshin yana zaune wurin jakunkuna. Ranar Lahadi kuma mu muka biya kwalekwale daga asusu ya kai shi coci a cikin gari, muka jira shi da karin kumallo.

Babu wanda ya miƙo mana kwalba, babu kuma wanda zai hana mu da mun nema. Ba mai sanin ubanka a wurin, ba wanda zai kai rahoto gida. A gida unguwa ce take tsaron mutum, a makaranta kuma idon 'yan'uwa. A can kai ne kawai da abin da aka zuba maka tun kana yaro, kuma ni dai na ji daɗin sanin cewa nawa yana nan ko ba mai kallo. Bazazzagin da ya ce zai koma, shi ne ranar tafiya muka yi ta jira ya gama sallama da masunta.

Rana ta uku muka ɗauki kwalekwale muka zaga tsibiran. Mun sauka a wani inda suke noman rake, mun ga mata suna saƙa tabarma, yara suna tuƙa kwalekwale su kaɗai kamar yadda namu suke tuƙa keke. Mai jirginmu, wanda muke kira Buroda, ya nuna mana wani wuri can cikin teku ya ce gidan da aka haifi babansa yana ƙarƙashin ruwan nan. Tekun yana cin garin Ada shekara da shekaru. Ganuwar da mutanen Denmak suka gina a 1783 ma ruwa ya haɗiye mafi yawanta. Cikin dalilan akwai madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, wadda ta tare yashin da kogin yake kawowa yana cike bakin gaɓar. Babarbare ya ce masa su a Borno ruwan ne ya gudu ya bar su, tafkin Chadi ya ja baya. Buroda ya yi dariya ya ce to a yi musaya mana.

Shi ne kuma ya ba mu labarin gishirin tafkin Songor da ke kusa da su. A da a kwalekwale ake lodinsa a haura kogin Volta da shi har Kete-Krachi da yankin Salaga, kasuwannin da fatakenmu suke sauka. Na zauna a bakin jirgin ina tunanin ƙila kakan Baba ya taɓa lasar gishirin garin nan bai taɓa ganin garin ba.

Ga masu niyya, kaɗan daga abin da muka gani. Ku nemi izinin iyaye tukuna, tafiyar da aka ɓoye ba ta da albarka. Kar a taɓa kuɗin makaranta. Ku naɗa madugu ɗaya da ma'aji ɗaya tun a Legas, don gardamar kuɗi a bakin boda tana kashe abota. Jaka ɗaya ta isa: kaya kala uku, dadduma, buta, tocila, maganin sauro, garin kwaki da ƙuli-ƙuli. In za a hau kwalekwale ku nemi rigar ruwa, kar kunya ta hana ku, mu 'yan tudu ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba. 'Yan'uwanmu mata da suka tambaya, ku ma za ku iya, amma ku tafi a ƙungiya da wani naku, ku kuma tabbatar da ɗaki naku na daban kafin ku biya ko sisi.

Wanda kuɗinsa bai kai Ghana ba, Tarkwa Bay tana nan cikin Legas, kwalekwale ne kawai daga CMS. Badagry ma yini ɗaya ne, har ka tsallaka tsibirin Gberefu ka dawo. 'Yan Fatakwal da Kalaba ku ba sai an gaya muku inda ruwa yake ba.

Mun buɗe sabon adashi Juma'ar da ta wuce, saura gurbin mutum biyu. Mahaifiyar Babarbare ta samu sauƙi, Alhamdulillah, shi ne ma ya fara zubi. Mai so ya same shi bayan la'asar, amma ya zo da kuɗinsa a hannu, mutumin nan ba ya karɓar "zan turo".