Hoton kakata

Kawuna mai ɗaukan hoto ne a Maraɗi. Akwatin hotonsa Pentax ne, samfurin K1000, wanda aka fara ƙerawa a Japon cikin 1976. Ba ya daidaita kansa kamar na wayoyin da kuka sani yanzu. Komi da hannu ake yi.

A gaban akwatin akwai gilashi, mukan ce masa ido. An rubuta 50 da 1,4 a bakinsa. Zobe biyu gare shi. Na farko na nisa ne, an jera lambobin metir a kansa, a ƙarshe akwai wata alama kamar 8 a kwance, ma'anarta nesa marar iyaka. Na biyu shi ke buɗe ƙofar haske: 1,4 da 2 da 2,8 da 4 da 5,6 da 8 da 11 da 16. Abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. In ka matsa daga wata lamba zuwa ta gabanta, ka rage rabin hasken ke nan. Ku duba idon kyanwa: da rana ya tsuke, da dare ya buɗe.

A babban hutun 1986, ina da shekara 14, Kawu ya tafi da ni tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi. Rana ta fito sosai. Ya aje ƙofa a kan 11, ya aje nisa wajen metir 8, ya ce: «Danna.» Da aka wanke hoton, komi ya fito sarai, tun daga ciyawar da ke metir 4 gabanmu, da jirgin masunta, har itatuwan wancan ƙetare. Haka ƙaramar ƙofa take, tana kama na kusa da na nesa gaba ɗaya. Ni ko sai na ɗauka na zama gwani.

Ba a yi wata ɗaya ba, kakata, uwar Kawu, ta kwanta ciwo. Ba a taɓa ɗaukan ta hoto ba. Kullum takan ce wa ɗanta: «Bari sai na yi kitso.» Yanzu kuwa ba ta iya fita tsakar gida. Ɗakinta ba taga, ba lantarki, sai hasken da ke shigowa ta bakin ƙofa. Kawu ya ɗaga akwatin, ya sauke. Ya miƙo mini, ya ce: «Hannuna rawa yake yi. Hoto 3 suka rage cikin 36. Kai za ka ɗauka.»

Ya buɗe ƙofar haske har 1,4. A nan haske yana shiga ninki 64 na wanda ya shiga a tafki. Amma akwai wuya. In mutum yana metir ɗaya da kai, abin da zai fito sarai bai wuce kaurin santimetir 3 ba, wato faɗin yatsa biyu. Abin da ke gaba da nan ko baya da nan duk sai ya yi dishi-dishi. Fuskar mutum kuwa, daga hanci zuwa kunne, ta fi haka nesa ba kusa ba. Tilas ka zaɓi wuri ɗaya. Kawu ya ce: «Ido. Wanda ya fi kusa da kai.»

Na durƙusa bakin gadon, na leƙa. A tsakiya akwai wata ƴar da'ira mai ƙyalƙyali. In ka murɗa zobe daidai sai ƙyalƙyalin ya ɓace. Na murɗa dama, na murɗa hagu. Gumi yana shiga mini ido. Na danna na farko, amma na ji jikina ya ɗan ja baya. Ina cikin gyara na biyu, Kaka ta ce: «Maigida, wannan murɗe-murɗe haka, ko amaryar ce ba ta yi maka ba?» Ta yi dariya, kanta ya motsa, yatsana kuma ya riga ya sauka.

Saura ɗaya. Na kafa gwiwar hannuna bisa turmin da aka kifa nan kusa. Na bar zoben yadda yake, na riƙa matsawa da jikina kaɗan-kaɗan har na ga gashin idonta ɗaya-ɗaya. Na riƙe numfashi, na danna.

Da dare Kawu ya wanke fim ɗin, ni ban yi barci ba. A hoto na farko, kan hancinta ne ya fito. Na biyu duk ya goge, sai haƙora. A na uku, idonta na dama yana nan tangaran, da ɗan hasken ƙofa a cikinsa. Kunnenta ya yi dishi-dishi, kwanonin jerenta da ke baya sun zama kamar hazo. A ganina hakan ya fi, don ba abin da ke ɗauke hankalin mai kallo daga fuskarta.

Da aka kai mata, ta daɗe tana dubawa, ta ce: «Ashe da saurana. Sai ka ƙaro sadaki.»

Ta rasu bayan an yanke hatsi. Dangi daga Tasawa har Yamai kowa ya aiko a wanke masa nasa, Kawu ya wanke 17. Gilashin nan yana wurina har yau. Na sa an ɗaura mini shi a akwatin zamani wanda ba ya cin fim, kuma da hannu nike murɗa shi.