Daga Asusun Ƙasa Zuwa Ruwan Wikki: Yadda Gidanmu Ya Je Yankari

Duk lokacin da aka dawo hutu malamin Hausa ya ce a rubuta insha'i a kan "Yadda na yi hutuna", ni abu guda nake maimaitawa: na je Islamiyya, na taya Umma aiki, na yi kallon ƙwallo. Tun ina aji huɗu a firamare nake ganin hoton giwayen Yankari a littafi, amma a ganina wurin na Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi. Babanmu tela ne a Kano, Umma kuma tana suyar awara da yamma, mu huɗu suka haifa. Duk da haka, a hutun Disamban 2023 mu shida muka je Yankari muka dawo, ba mu ci bashin ko sisi ba.

A ƙarshen watan Oktoban 2022 ne Auta ya ga giwa a talabijin ya ce shi sai an kai shi. Muka yi ta dariya, amma Baba bai yi ba. Bayan sallar isha'i ya ce in ɗauko littafin rubutu mai shafi arba'in da biro. Ya ce: "Tafiya ba a tasha take farawa ba, a takarda take farawa. Rubuta."

Ya riga ya tambayi wani abokinsa direba, don haka muka yi ƙiyasi kashi biyar: kuɗin mota naira 70,000, masauki na kwana biyu 40,000, abinci 25,000, kuɗin shiga da na zagayen ganin namun daji 25,000, sai wani layi da Baba ya kira "ko-ta-kwana", naira 20,000. Jimla 180,000. Da na ga adadin sai jikina ya yi sanyi. Baba ya ce kada in dubi jimlar, in raba ta da kwanaki. Shi zai riƙa jefa naira 300 a asusu kullum, a kwana 400 ya zama 120,000 ke nan. Umma za ta kawo 40,000 idan ɗaukar adashinta ta zagayo. Mu yara kuma 20,000 ne a wuyanmu, daga goron Sallah da ragowar kuɗin tara da muke zuwa da shi makaranta. Kashegari Umma ta sayo asusun ƙasa a kasuwar Kurmi, aka ajiye shi a ƙarƙashin gadonta.

Gwaji na farko bai jima ba ya zo. Za ku tuna lokacin canjin kuɗi, da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma sa ranar 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, kafin a ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mafi yawan abin da ke cikin asusunmu tsofaffin takardu ne. Dole muka fasa shi tun bai yi nauyi ba, ƙanwata har da kuka. Muka ƙirga naira 27,400, Yaya ya wuni a layin banki ya zuba su a asusun ajiyar Umma.

Sai dai kuɗin banki yana da tasa matsalar: danna waya kaɗan, ya fita. Saboda haka aka ɗauki katin cirar kuɗin aka kai wa Kaka ta kulle a adakarta, aka kuma yi alkawarin ba mai taɓa kuɗin sai gaba ɗayanmu mun zauna. A watan Fabrairu da Maris ɗinki ya tsaya cak don babu tsabar kuɗi a hannun mutane. Kwana talatin da takwas Baba bai ajiye komai ba. Na riƙa rubuta sifili a gaban kowace rana, ya ce kada in tsallake ko ɗaya. Da ɗinkin Ƙaramar Sallah ya buɗe a Afrilu, ya dubi littafin ya biya bashin kwanakin nan duka.

Gwaji na biyu ya fi tsanani. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500. Da Baba ya sake tambayar abokinsa, layin mota ya tashi daga 70,000 zuwa kusan 130,000. Giɓin naira 60,000 ya buɗe a littafina.

Daren nan ba zan manta da shi ba. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ni ku bar ni in tsare gida, kujera ɗaya ta ragu." Umma ta ce gara ita ta zauna. Baba ya yi shiru, can ya ce: "Tare muka tara, tare za mu je. Ba mutum za mu rage ba, buri za mu rage." Muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu a Yankari ya koma ɗaya, sauran daren za mu yi shi a gidan ƙanwar Umma da ke aure a Bauchi. 20,000 ta ragu. Abinci za mu yi guzurinsa daga gida. 10,000 ta ragu. Muka yafe sababbin kayan Babbar Sallah, Baba ya gyara mana na ƙaramar. Yaya ya yi aikin guga a shago duk dogon hutu, ni da ƙanwata muka kiwata zakaru shida muka sayar. Na kawo shawarar a cinye layin ko-ta-kwana, Baba ya ce ko naira ɗaya ba za a taɓa ba.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba muka kama hanya. Muka wuce Wudil da gadarta, muka bi ta Birnin Kudu, muka shiga ƙasar Ningi inda duwatsu suka fara tasowa hagu da dama, hazon hunturu ya lulluɓe kawunansu. Tafiyar kusan kilomita 300 ce. Da la'asar mijin ƙanwar Umma ya kai mu kabarin Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Abin da na sha haddacewa don jarrabawa, ga shi a gabana.

Da safe muka ɗauki shatar mota, domin motocin haya ba sa shiga cikin dajin. Wannan shi ne abin da ya fi cin kuɗi a tafiyar, duk mai niyyar zuwa ya sa shi a lissafi. Aka bi hanyar Gombe har Dindima, aka karya dama zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Na ɗauka mun iso, ashe daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40, daji ne tsagwaronsa, ba gida ba gona.

Jagoran da ya zagaya da mu ya bayyana mana tarihin wurin. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma yana ɗauke da ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, shi ya sa rani ya fi daɗin ziyara: ciyawa ta bushe, ruwa ya janye daga sauran wurare, dabbobi sai su taru a bakin kogin.

A zagayen yamma mun ga gwambaza da mazo, mun ga kada ya shanya baki a bakin ruwa, ga zabin daji da tsuntsaye iri-iri. Gadu kuwa har cikin sansani yake kiwo, ya durƙusa a gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa. Giwa fa? Gaskiya ba mu gan ta ba. Sawunta muka gani, faɗinsa kamar faifai, da kashinta, da rassan da ta kakkarya. Jagoran ya ce nan ba gidan zu ba ne, dabba ba ta yi alkawari da kowa ba. Auta ya ɓata rai, har sai da aka sa ƙafafunsa biyu a cikin sawun guda suka shige, sannan ya washe baki. A ɗan gidan tarihin sansanin ya ga hauren giwa da ƙasusuwa, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta.

Abin da ya biya mu wahalar shekara shi ne ruwan Wikki. Ana sauka da matakala zuwa wani kwari, sai ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, kana hango farin yashin ƙasansa. Ɗuminsa yana kan digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, rani da damina. Ku yi tunanin sanyin Disamba, ga ruwa mai ɗumi ba wanda ya hura wuta. Baba, wanda ban taɓa ganin ya yi wasa ba, ya naɗe wando ya shiga yana watsa wa Auta ruwa, Umma na gefe tana dariya har da hawaye.

Muna dawowa ɗaki muka tarar da aika-aika. Ni na bar taga a buɗe, duk da an gargaɗe mu. Gwaggon biri ya shiga ya kwashe burodi da dafaffen ƙwai da cincin, ya farke ledar garin kwaki. Ga shi can a kan bishiya yana ɓare ƙwai kamar shi ya saya. Babu kasuwa kusa, sai ɗakin cin abinci na sansanin. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai: "Malam magatakarda, buɗe littafinka, karanta mana layi na biyar." Daga kuɗin ko-ta-kwana muka ci abincin dare da na safe, daga ciki kuma aka yi facin taya a hanyar dawowa.

'Yan uwa, ga abin da na koya. Ku rubuta komai, har ranar da ba a ajiye komai ba. Ku riƙa sake tambayar farashi duk bayan wata biyu ko uku, don ƙiyasin bara ba ya hawa motar bana. Ku ajiye kuɗin inda hannu ba zai kai gare shi da sauƙi ba. Kada ku raina hamsin ɗin da ta rage daga kuɗin tara, da yayyafi kogi kan cika. Sannan ku rufe taga.

Mun iso gida da ragowar naira 3,200. Umma ta cire kuɗin sabon asusu, muka jefa sauran a ciki. A shafin farko na sabon littafi na rubuta: Daura, rijiyar Kusugu. Auta dai ya ce bai yafe giwarsa ba, sai an koma. Allah Ya nuna mana.