Daga Ƙaraye Zuwa Rogo: Mu Fita da Yara Su Ga Ruwa da Daji

Uwargida, ko kin taɓa ganin motar nan da Turawa ke yawon hutu da ita, wadda ke da gado da madafa da makewayi duk a ciki? A Amurka da Jamus iyali kan ɗauke ta su yi makonni suna zagaya tafkuna da dazuzzuka, inda dare ya yi musu nan ne gida. Mu kam ba mu da irinta a titunanmu, amma muna da tafkin, muna da dajin, kuma ba su da nisa da Kano. Abin takaici shi ne yaranmu na birni suna tasowa ba su san daga ina ruwan famfo ke zuwa ba.

To ki shawo kan maigida, ku ɗauki shatar bas ɗaya da ƙawarki da nata yaran. Ki zuba tabarmi da kulolin abinci da jarkar ruwan sha da buta da gidan sauro, kin ga ke nan mota ta zama ɗaki. Ku fita da sassafe ta Kabuga, ku bi hanyar Gwarzo ta Rimin Gado, daga can ku yi kudu zuwa Ƙaraye, tsohon gari mai sarauta. A dokar 2024 masarautarsa ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo.

Babban abin kallo a nan shi ne madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gina tsakanin 1990 da 1992. Tsawon bangonta ya haura kilomita 7, tsayinsa kuwa ya kai mita 40. Idan kika tsaya a gefe, ruwa ne iya ganinki, ga masunta cikin kwalekwale suna jan koma, ga tarwaɗa da karfasa a bakin gaɓa. Ki nuna wa yara cewa ruwan da ake saki daga nan shi ke bin kogin Challawa har Panshekara, inda ake tace shi a turo wa birni. Daga nan ya haɗu da kogin Kano, ya gangara Haɗeja. Ki kuma gaya musu ɗaya ɓangaren: tun da aka tare wannan kogi da na Tiga, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta na can suka ji a jikinsu. Yaron da ya ji wannan da wuya ya sake barin famfo a buɗe.

Sai dai fa hattara, 'yar'uwa. Kada ki bar yaro ya shiga ruwan ko da wasa. Bakin dam yana da zurfin da ido ba ya gani, kuma ruwan kwance shi ne matattarar tsargiya. Kwalekwale ma in babu rigar ruwa, a haƙura.

Bayan azahar ku kama hanyar Rogo. Nan ƙasa ke ƙara duhun itatuwa: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka. Ki tsayar da mota ki tambayi yara wace bishiya ce ke ba mu daddawa, wacce ke ba mu man kaɗe. Za ki sha mamakin shirun da za su yi! A gefen hanya kuma za su ga buhunan gawayi, ki sanar da su cewa kowane buhu bishiya ce ta faɗi.

Rogo tana maƙwabtaka da jihohin Kaduna da Katsina, ƙasar rake ce da masara. In kun zo da hunturu, ku nemi inda ake matse rake ana dafa mazarƙwaila, yara su ga yadda ruwansa ke daskarewa. Kada sunan Falgore ta Rogo ya ruɗe ki, dajin Falgore na namun daji yana can kudancin jihar, wajen Doguwa.

Batun kwana kuwa, a nan muka bambanta da Bature. Ba a kwana a daji, ba a tafiyar dare. Ku tambayi mutanen gari halin hanya kafin ku tashi. Ku sauka a Rogo Sabon Gari wajen dangi ko aminan arziki, da 'yar tsarabarku ta sabulu da atamfa. Shi yana jan ɗakinsa a bayansa saboda ba shi da kowa a inda za shi, ke kuwa zumunci ya riga ya share miki ɗaki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba: dam a cike, hanya a bushe. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.