Ɗan Akuyar da ke Cikin Kalmar

Ka lura yadda kalmar kids ta cika gari? Tana jikin allon makarantun kuɗi, tana kan katin walimar yara, an rubuta ta da launuka kala-kala. Asalin ma'anarta ɗan akuya. Turawan Ingila sun aro ta daga harshen mutanen arewacin Turai wajen shekara ta 1200, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta bar turke ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 16 'yan tasha suka fara liƙa wa yara ita. A lokacin, mai mutunci ba ya furta ta a gaban baƙo.

Wannan bai dame ni ba, maƙwabci. Haka harshe yake yawo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ta bi daga nan.

Wajen 1680, a bakin ɓarayin Ingila, aka haɗa ta da nap, wato fizge, aka sami kidnap. Ba kuɗin fansa ake nema ba a wancan zamani. Yara ake yaudara ko a sure a bakin tashar jirgin ruwa, a cusa su a jirgi, a kai su gonakin taba na Bajiniya ko na rake a Barbados, a sayar da guminsu na shekaru. Haka aka yi wa wani yaro ɗan garin Aberdeen, Peter Williamson, a shekarun 1740. A Filadelfiya aka yi cinikinsa. Da ya girma ya dawo gida, ya rubuta abin da ya same shi. Mahukuntan garin suka sa aka ƙona shafukan da suka tona asirin 'yan kasuwarsu, suka kore shi. Ya kai su kotu, ya kuwa yi nasara.

Yau tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san kalmar. Rediyo na cewa masu garkuwa da mutane, ita tana cewa 'yan kidinafin, tana rage murya. Manya ake ɗauka a hanya da gona, amma yaran ne suka fi ci mini rai. 'Yan mata 276 a Chibok a 2014. Samari sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, cikin dare. Na Kuriga, a Maris ɗin 2024, da safe aka zo musu, lokacin asambuli, har da 'yan firamare.